Sankarar mama: Yadda ilimi ke tasiri a kan shawarar zuwa gwaji a Kudancin Kaduna

Sankarar mama ce cutar dajin da ta fi kama mata a Najeriya. Ƙiyasin cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna cewa a shekarar 2022 an samu sabbin masu ɗauke da cutar fiye da 32,000 a ƙasar nan, yayin da fiye da 16,000 suka rasu sanadiyyarta. A wannan shekarar, mata miliyan 2.3 ne aka gano suna da cutar a duniya baki ɗaya, kimanin 670,000 kuma suka mutu. Idan aka auna yawan mace-mace da yawan sabbin kamuwa, a duniya bai kai ɗaya bisa uku ba, amma a Najeriya ya kai rabi.

Babban abin da ya kawo wannan tazara shi ne lokacin da mace ke isa gaban likita. A ƙasashe masu ƙarfin tattalin arziki, fiye da kashi 90 cikin 100 na matan da aka gano suna da cutar kan rayu shekara biyar ko fiye, saboda yawancinsu ana gano ta tun tana ƙarama. A asibitocin koyarwa na Najeriya kuwa, mafi yawan mata kan zo ne bayan cutar ta kai mataki na uku ko na huɗu, wato ta riga ta ci fata, ko ta kama ƙululun hammata sosai, ko ta bazu zuwa ƙashi da hanta da huhu. Shi ya sa duk lokacin da aka zauna tattauna wannan cuta, sai an dawo kan tambaya guda: me ke sa wata mace ta je a duba ta da wuri, wata kuma ta zauna har sai abin ya gagara? Amsar da aka fi bayarwa ita ce ilimi. Amsar tana da gaskiya, sai dai tana buƙatar a fayyace wane irin ilimi ake nufi.

Kudancin Jihar Kaduna wuri ne da ya dace a yi wannan tambaya, domin yanki ne da karatun boko ya daɗe da kafuwa a cikinsa, har da na 'ya'ya mata. Tun farkon ƙarni na 20 'yan mishan suka buɗe tashoshi da makarantu a garuruwa irin su Kwoi da Kagoro, kuma isowar layin dogo Kafanchan a ƙarshen shekarun 1920 ta mayar da garin mahaɗar ma'aikata da 'yan kasuwa daga sassa daban-daban na ƙasar. A yau yankin na da Kwalejin Ilimi ta Jiha a Gidan Waya, da Kwalejin Koyon Aikin Jinya da Ungozoma a Kafanchan, da reshen Jami'ar Jihar Kaduna, da kwalejin kimiyyar lafiya ta cocin ECWA a Kagoro. Da wuya a shiga babban gida a ƙasar Bajju ko ta Atyap ko ta Ham a rasa malamar makaranta ko ma'aikaciyar jinya a cikin dangi.

Duk da haka, macen da ke zaune a Fadan Kaje, a ƙaramar hukumar Zangon Kataf, idan ta ji wani ƙullutu a mamanta yayin wanka, doguwar hanya ce a gabanta. Mafi kusa da ita shi ne mai kemis da kuma cibiyar lafiya matakin farko. Daga nan sai asibitin St. Louis da ke Zonkwa ko babban asibitin Kafanchan. Idan abin ya kai ga cikakkiyar jinyar daji, sai a yi maganar Zariya ko Kaduna ko Jos ko Abuja. A kowane zango akwai shawarar da za a yanke, kuma abin da ta sani, da abin da mijinta da danginta suka sani, shi ke yanke ta.

Abin da bincike ya tabbatar

Daga cikin manyan binciken da aka yi a nahiyar Afirka akwai wanda ake kira ABC-DO, wanda ya bi diddigin mata masu sankarar mama a ƙasashe biyar: Najeriya da Uganda da Zambiya da Namibiya da Afirka ta Kudu. Sakamakon da aka buga a shekarar 2020 ya nuna cewa kashi 36 cikin 100 kacal na matan Najeriya da ke cikin binciken ne ke raye bayan shekara uku, adadi mafi ƙanƙanta a cikin ƙasashen biyar. A Aba da Owerri aka yi ɓangaren Najeriya na binciken, saboda haka ba za a ɗauki adadin a ɗora wa Kafanchan kai-tsaye ba. Amma dalilan da masu binciken suka gano sanannu ne a ko'ina. Matan da ba su kai matakin sakandare ba sun fi zuwa asibiti a makare. Haka ma matan da ba su san alamomin cutar ba, da waɗanda suka yi ciki a 'yan shekarun da suka gabata.

Wannan batu na ƙarshe yana da muhimmanci a wuraren da ake yawan haihuwa. Mai shayarwa ta saba da kumburin mama da taurinsa, don haka idan ƙullutu ya fito, abu na farko da za a ce shi ne ruwan nono ne ya daskare. Sau da yawa hakan ne. Amma ƙullutun da ya ƙi baje wa bayan makonni, ko wanda ya ci gaba da girma bayan yaye, yana buƙatar a duba shi a asibiti, ba a ci gaba da gasa shi da ruwan zafi ba.

Ba wuya a gane yadda makaranta ke taimakawa. Macen da ta yi karatu tana iya karanta takardar asibiti, ta fahimci ranar da aka ce ta dawo, ta yi wa likita tambaya ba tare da ta ji ta yi rashin kunya ba. Sau da yawa tana da abin hannunta, don haka kuɗin mota zuwa Kafanchan ba sai ta jira an ba ta ba. Tana kuma iya bambance bayanin ma'aikacin lafiya da saƙon da aka turo mata ta WhatsApp mai alkawarin narkar da daji da garin magani cikin mako biyu.

Sai dai takardar shaidar makaranta ba ta koyar da alamomin sankara. Mata da yawa masu digiri sun taso da fahimtar cewa ciwo shi ne alamar cuta, kuma abin da ba ya ciwo ba shi da haɗari. Sankarar mama a farkonta yawanci ba ta ciwo. Ƙullutu ne mai tauri wanda mace za ta iya ɗauka watanni tana aikinta, tana zuwa gona ko ofis, ba tare da ya hana ta barci ba. Sauran alamomin su ne kan mama ya lotsa ciki alhali da ba haka yake ba, ko jini ya riƙa fitowa daga gare shi, ko fata ta yi ramuka kamar ɓawon lemo, ko girman mama ɗaya ya sauya, ko a ji ƙululu a hammata. Malamar firamare da ba ta taɓa jin wannan ba, ba ta fi maƙwabciyarta mai sayar da masa samun kariya ba.

Akwai kuma wani ɓangaren bayanin da ba a cika faɗa ba, alhali shi ne ke rage tsoro. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mafi yawan ƙullutun da ke fitowa a mama, har kusan tara cikin goma, ba sankara ba ne. Macen da ta san haka za ta je asibiti da fatan a kwantar mata da hankali. Wadda abin da ta sani kawai shi ne ƙullutu daji ne, daji kuma mutuwa ne, za ta gwammace kada ta ji. Hukumar ta kuma ce kusan rabin masu cutar ba su da wani sanannen dalili face kasancewarsu mata da suka haura shekara 40. Wannan ya rushe tunanin cewa wadda babu cutar a danginta ta tsira. Maza ma suna kamuwa, ko da yake ba su wuce ɗaya cikin ɗari na masu cutar ba.

Ita kanta kalmar daji tana da nata nauyin. Hausa ce harshen kasuwa da na coci da na asibiti a yawancin Kudancin Kaduna, kuma a Hausa daji suna ne da ake ba cututtuka iri-iri, tun daga kumburin fata da gyambon da ya ƙi warkewa har zuwa sankara ta ainihi. Tare da sunan akwai tsohon imanin cewa daji ba ya son allura ko ƙarfe, wai da zarar an taɓa shi sai ya fusata ya bazu. Wannan imani bai tsaya ga marasa karatu ba. Tushensa ma ana iya gane shi: mutane sun ga 'yan'uwansu da aka yi wa aiki suka rasu ba da daɗewa ba, ba su kuma san cewa cutar ta riga ta bazu tun kafin a kai su ɗakin tiyata ba. Kowace mace da ta je a makare ta rasu, sai ta zama hujjar da za ta hana wata zuwa da wuri. Haka lamarin yake ga masu komawa gidajen addu'a ko wurin masu maganin gargajiya. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti, kuma limamai da fastoci da yawa suna faɗar haka a kan mumbari. Matsalar tana tasowa ne idan aka ce a jira tukuna a ga sakamakon wannan kafin a gwada wancan, domin watannin jiran ne cutar ke amfani da su.

Wane gwaji, kuma ga wa?

Masana na bambanta abubuwa biyu da a bakin jama'a duk gwaji ake ce musu. Na farko shi ne tantance matan da ba su da wata alama, a gayyace su lokaci-lokaci a duba su. Na biyu shi ne gano cutar da wuri ga wadda ta riga ta ga alama. Ƙasashen Turai sun gina tsarinsu a kan na farko, ta hanyar hoton mamogiram, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta fi ba da shawararsa ga mata 'yan shekara 50 zuwa 69 a inda tsarin lafiya ke da ƙarfin ɗaukarsa. A inda kayan aiki suka yi ƙaranci, kuma mata ke zuwa da ƙullutun da hannu ma ke iya ji, hukumar ta ce a fara da na biyu.

Wannan bambanci yana da amfani ga mace mai son yanke shawara da saninta. Mamogiram ba ya gani sosai a maman matashiya, domin naman ya fi cunkushewa, shi ya sa likita kan tura 'yar shekara 30 mai ƙullutu ta yi sikanin maimakon haka. A Najeriya, inda yawancin al'umma matasa ne, mata da yawa kan kamu da cutar suna cikin shekarunsu na 40, wasu ma ƙasa da haka. Kuma babu hoton da ke tabbatar da sankara. Tabbaci na zuwa ne idan aka ɗebo ɗan yankin naman da allura aka kai ɗakin bincike. Wannan gwaji shi ne wanda imanin daji ba ya son allura ya fi hanawa, alhali idan ba a yi shi ba likita ba zai san irin maganin da ya dace ba, domin sankarar mama iri-iri ce kuma kowace da maganin da take ji.

Bincike biyu daga nahiyar Asiya sun nuna iyakar abin da koyarwa ke iya yi. A birnin Shanghai na ƙasar Sin, an raba mata ma'aikatan masaƙa fiye da 266,000 gida biyu, aka koya wa rabinsu yadda za su riƙa duba mamansu da kansu. Sakamakon da aka buga a shekarar 2002 ya nuna cewa mace-mace ba su ragu ba a cikin waɗanda aka koya wa, sai dai an ƙara yawan gwajin nama a kan ƙullutun da ba su da illa. A birnin Mumbai na Indiya kuwa, asibitin Tata ya bi mata fiye da 150,000 na tsawon shekara 20. A nan mata ma'aikatan lafiya ne, waɗanda karatunsu bai wuce sakandare ba, aka horar suka riƙa duba matan unguwanni da hannu duk bayan shekara biyu, kuma duk wadda aka samu da alama akan tura ta asibiti a bi lamarinta. Sakamakon shekarar 2021 ya nuna an riƙa gano cutar da wuri, kuma mace-mace sun ragu da kusan kashi 30 cikin 100 a tsakanin matan da suka kai shekara 50.

Wannan ba ya nufin mace ta daina lura da jikinta. A inda babu tsarin gayyata, ita ce ke fara ganin sauyi, kuma babu wanda zai gani a madadinta. Abin da binciken ya nuna shi ne koyarwar ta fi amfani idan akwai ƙwararren hannu da ke jiran macen, da kuma hanyar da za ta bi bayan an duba ta. Ga yankin da ke yaye ma'aikatan jinya da ungozoma da jami'an lafiyar al'umma kowace shekara, tsarin Mumbai ya fi kusa da abin da za a iya yi fiye da na Landan. Jihar Kaduna na da mazaɓu 255, kuma manufarta ita ce kowace mazaɓa ta samu cibiyar lafiya matakin farko mai aiki. A nan ne mata ke zuwa awon ciki da rigakafin yara, a nan ne kuma ake iya duba su ko a sallame su da maganin kashe ƙwayoyin cuta. Ilimin wanda ke zaune a wannan teburi yana da nauyi daidai da na macen da ta shigo, domin jinkiri ba daga gida kaɗai yake zuwa ba. Mace na iya zuwa da wuri, a yi ta ba ta magani a kan ƙurji na watanni kafin wani ya ce a tura ta gaba.

Ko a ƙasashen da ke da mamogiram a ko'ina, ana faɗa wa mata cewa gwajin na da nasa aibun. Wani kwamiti mai zaman kansa a Birtaniya ya ƙiyasta a shekarar 2012 cewa a kan kowace mace ɗaya da tantancewa ta ceto daga mutuwa, ana yi wa kimanin uku jinyar cutar da da ba za ta taɓa cutar da su ba. Kwamitin ya ce duk da haka a ci gaba da shirin, amma a riƙa bayyana wa mata gaskiya su zaɓa. Matsalar Najeriya akasin wannan ce, domin a nan makara ce ke kisa, amma ƙa'idar ɗaya ce: a faɗa wa mace abin da gwaji zai iya nunawa da abin da ba zai iya ba. Wadda aka duba aka ce lafiya lau a watan Oktoba, idan ta ji ƙullutu a watan Maris, komawa za ta yi, ba ta dogara da sakamakon bara ba.

Shawarar ba ta mace ɗaya ba ce

A yawancin gidaje, ko a Fadan Kaje ko a cikin garin Kafanchan, mace ba ta yanke shawarar tafiya Zariya ita kaɗai. Miji ne zai nemo kuɗi, surukai da 'yan'uwa za su tofa albarkacin bakinsu, kuma maganar cire mama ta shafi aure. Tsoron kada miji ya juya baya na daga cikin dalilan da ke sa wasu su gudu daga asibiti bayan an gaya musu sakamako. Kaɗan ne suka san cewa idan an gano cutar tana ƙarama, akwai yiwuwar a cire ƙullutun kaɗai a bar maman, a haɗa da gashi da na'ura. Wayar da kan da ta tsaya ga mata ta bar rabin masu yanke shawarar a baya.

Sannan ga kuɗi. Yawancin 'yan Najeriya daga aljihunsu suke biyan kuɗin asibiti, kuma jinyar daji, daga tiyata zuwa allurar kemo da gashi, ta fi ƙarfin yawancin iyalai. Na'urorin gashin ma a 'yan manyan asibitoci ƙalilan ake samun su a faɗin ƙasar. A yankin da gidaje da yawa ke dogaro da noma, abin da ya sami gona yana shafar lafiya: annobar da ta lalata gonakin citta a Kudancin Kaduna a shekarar 2023 ta cinye jarin iyalai masu yawa. Macen da ta san alamomin cutar sarai tana iya yin shiru don ta san babu kuɗin jinya, kuma wannan shirun ba jahilci ba ne. A nan wani nau'in ilimin ke shigowa, wato sanin inda tallafi yake. Gwamnatin Tarayya ta fara Asusun Tallafa wa Masu Cutar Daji a shekarar 2021 domin marasa ƙarfi masu sankarar mama da ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza, kuma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, Zariya, na cikin asibitoci shida da aka fara shirin da su. Akwai kuma hukumar inshorar lafiya ta jiha, KADCHMA. Tallafin bai isa kowa ba, amma wanda bai san da shi ba ba zai ma nema ba.

Hanyoyin isar da saƙo ba su yi ƙaranci a yankin ba. Ƙungiyoyin Zumuntar Mata na coci-coci na haɗuwa kowane mako har a ƙananan ƙauyuka, ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN da makarantun Islamiyya na matan aure na yin irin wannan aiki a nasu ɓangaren. Bayanin da aka yi da Hausa ko da harshen Jju ko Tyap, daga bakin ma'aikaciyar jinyar da aka sani da danginta, ya fi shiga fiye da takardar Turanci da aka liƙa a bangon asibiti. Tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba tana iya riƙe alamomi biyar, ta kuma tura surukarta asibiti.

A shekarar 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da wani shiri na duniya kan sankarar mama, da burin rage mace-mace da kashi 2.5 cikin 100 a kowace shekara har zuwa 2040. Ta gindaya ma'auni uku: a gano aƙalla kashi 60 cikin 100 na masu cutar a mataki na ɗaya ko na biyu, a kammala bincike cikin kwana 60 daga ranar da mace ta fara zuwa asibiti, sannan aƙalla kashi 80 cikin 100 su kammala jinya. Ma'auni na farko ne kaɗai ya rataya sosai a kan abin da mace ta sani. Sauran biyun aikin hukuma ne. A shekarar 2025 Gwamnatin Tarayya ta amince da kafa Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Kafanchan, kuma ga masu wannan cuta, amfaninta zai bayyana ne a yawan kwanakin da sakamakon gwajin nama ke ɗauka kafin ya dawo.

Duk watan Oktoba ƙungiyoyi kan shirya gangami da gwaji kyauta a garuruwa daban-daban na ƙasar. Macen da ta halarci irin wannan taro tana da haƙƙin ta tambayi wane ne zai duba ta kuma wane horo yake da shi, wane asibiti za a tura ta idan an ga wani abu, nawa gwaji na gaba zai ci, da kuma wanda za ta koma wurinsa idan mako biyu suka wuce ba ta ji komai ba. Yana da kyau ta karɓi sakamakonta a rubuce, da kwanan wata a jiki, domin daga wannan rana ce ake fara ƙirga kwana 60 ɗin.